Hambali Da Faifan Ruwan Gidan Sada

Da aka kawo labarin rasuwar Hambali mai gyaran rediyo, mutanen bakin tashar Kura sai da suka tambaya sau uku kafin su yarda. Da safiyar ranar an gan shi ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa a ƙofa kamar kullum, ya sayi gurasa biyu, ya ci ɗaya, ya rufe ɗayar da takarda a kan teburi. Kafin azahar wata motar tumatir ta ƙwace wa direbanta, ta same shi a gefen titi yana kan kekensa, zai je duba lasifikar wani masallaci. Ran Talata ce, cikin watan Maris na 1989. Shekarunsa arba'in da uku. Da aka buɗe shagon bayan an dawo daga maƙabarta, gurasar tana nan a rufe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu da muka tashi tare da shi, har yau in muka bi ta gaban shagon nan sai mun waiwaya.

An haife shi a Gidan Sada, wani ɗan ƙauye ta wajen Bunkure, tun kafin a haƙa magudanun ruwa, lokacin da mutum ba shi da abin yi da rani sai tafiya ci-rani. Ya yi karatun allo, ya yi aji uku a firamare. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga mai magana a ciki. Ya sha bulala, amma ya mayar da komai wurinsa, rediyon ya ci gaba da magana har ya fi da. Ganin haka mahaifin ya kai shi Fagge wurin wani mai gyara. Shekara tara ya yi a can, ya dawo ya auri Zuliha, ya kama shago a Kura.

Hambali ba ya cewa abu ya mutu. In ka kawo masa rediyon da ya shekara biyar a ƙarƙashin gado, sai ya buɗe bayansa ya shinshina, ya ce, "Barci yake yi." Ba ya zubar da kusa ko ɗaya, duk suna cikin gwangwanayen madara, kowace da irinta. Yana gyaran rikoda, da garmaho na tsofaffi masu sauraren faifan da, da lasifikun masallatai. A kusurwar shagon akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, inda yake ajiye abubuwan da ya fi ji da su. A ciki har da manyan maganaɗisun da yake cirowa daga tsofaffin lasifiku, kowanne ya kai faɗin murfin tukunya, ga nauyi kamar dutsen niƙa.

Abin da aka fi tunawa da shi a kansa shi ne zancen kwamfutar ofishin ruwa, kuma yawancin masu ba da labarin ba sa ba da shi daidai.

A watan Janairu na 1988 yayansa Uba ya zo shago da hantsi, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Bai zauna ba. Ya ajiye wani ɗan dami na alkama a kan teburi, bakin ganyen ya fara ƙonewa.

"Ka gani? Ta kusa fitar da kai, ga abin da ta zama."

"Ba ku samun ruwa ne, Yaya?"

"Awa shida ran Alhamis. Kafin ya iso mu ya zama kamar fitsarin akuya. Gida sittin, Hambali. Har da gonar Iya."

Gidan Sada su ne a ƙarshen magudana, sai kowa ya sha ruwa yake isa gare su. Shekaru da yawa ana ba su kwana biyu a mako. A wannan shekarar ofishin ruwa ya fitar da sabon jadawali, aka rage musu. Suka je suka yi ƙara, manoman sama suka ce ƙarya suke yi, ba a taɓa ba su kwana biyu ba. Shugaban ofishin, baƙo ne da bai daɗe da zuwa ba, ya ce shi ba zai yi aiki da "an ce" ba, a kawo masa tsohon jadawalin ya gani da idonsa. Takardun tsohon jadawalin kuwa yoyon rufin sito ya jiƙa su, gara ta ƙarasa. Wuri ɗaya ya rage: cikin faifan tsohuwar kwamfutar da Turawan aikin ruwa suka bari, wadda ta daina tashi shekara huɗu da suka wuce.

Washegari Hambali ya hau keke ya tafi ofishin. A can ya tarar da mutum biyu da suka shekara suna gardama ɗaya. Malam Muhammadu Sani tsohon akawu ne, shi Turawan suka koya wa tsohuwar na'urar. Lukmanu kuwa ma'aikaci ne da ya gama kwalejin kimiyya, shi ke riƙe da sabuwar kwamfutar da aka kawo, kuma ita ce ta lissafa sabon jadawalin. Kowace na'ura da nata tsarin da ke tafiyar da ita, kuma sabuwar ba ta iya karanta faifan tsohuwar, bakinta ma ya yi masa ƙanƙanta.

"Ka ga wannan ta Injiniya?" Malam Sani ya ce wa Hambali, yana nuna sabuwar da haɓa. "Sau biyu a mako take sandarewa kamar jakin da ya ga gada. Sai a kashe ta a sake kunnawa, aikin yini guda ya tafi. Tawa shekara biyar ta yi, ba ta taɓa tsaya mini a tsakiyar aiki ba."

"Haba Baba," in ji Lukmanu, "ka faɗa masa duka mana. Sistem ɗin taka, in mutum ya canza faifai bai sanar da ita ba, sai ta yi fushi ta ƙi rubutu. Sai ka yi mata sallama kamar za ka shiga gidan surukai."

"Wannan ladabi ake kiransa. Ku ba ku san shi ba."

"Kuma cin faifai take yi. An rubuta a littafi, ba ni na faɗa ba."

"Littafin da masu sayar da taka suka rubuta?"

Hambali ya bar su ya shiga sito. Na'urar tana can a lulluɓe da buhunan taki, akwati ne mai girman ƙaramin akwatin aure, da allo kamar na talabijin, da wani sashe mai baki biyu inda ake zura faifai. Ya kwance bayanta. Zanzaro ya yi gini a jikin fanka, ɓeraye sun haihu a ciki sun tashi. Ya sunkuya ya shinshina, ya daɗe. Sannan ya ɗago ya ce, "Barci take yi."

Aka ɗora masa ita a bayan a-kori-kura zuwa Kura. Malam Sani ya ba shi faifai biyu, kowanne cikin baƙar riga mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya ɗara tafin hannu biyu. Ɗaya na tashin na'urar ne, shi ke ɗauke da tsarin. Ɗayan na ruwa ne, a cikinsa jadawalin yake.

Hambali ya juya faifan ruwan a hannunsa. Ya ga rami a tsakiya, ya ji ana ce masa faifai, sai ya ɗauke shi a matsayin ɗan'uwan faifan garmaho. Ya kuwa san cutar faifan garmaho: zafi ya lanƙwasa shi, ko ya karce. Maganinta ma ya sani, a naɗe shi a ƙyalle mai laushi, a kwantar da shi a inuwa, a danne shi da abu mai nauyi don ya zauna a miƙe. Haka ya yi. Ya naɗe faifan ruwan a tsohon ɗankwalin Zuliha, ya kwantar a gindin akwatin ƙarfe, ya ɗora masa maganaɗisu mafi girma, ya kulle. Faifan tashin kuwa bai damu da shi sosai ba. Ya zura shi a bakin na'urar don ya gwada ƙofar, ya manta da shi a can.

Kwana goma sha shida ya yi a kanta. Ya sallami masu rediyo, ya ce su yi haƙuri. Ya wanke allunan cikinta da sifirit da buroshin haƙori, ya shanya a inuwa. Shida daga cikin 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, waɗanda ake kira kwandensa, sun kumbura, ya ciro madadinsu daga wani tsohon amfilifaya mai ƙara sauti na masu wasan biki. Bel ɗin da ke juya faifai ya narke ya zama kamar ƙaro, sai ya yanko wani daga robar cikin tayar keke, ya yi ta ragewa da reza har sau goma sha ɗaya kafin gudun ya daidaita. Akwai wata waya da ɓera ya cinye, ba shi da zanen na'urar, sai ya bi sawun dalma da allura har ya gano inda ta fito da inda za ta. A cikin bakin faifan ya tarar da wani ɗan kai mai sheƙi, ya sa auduga ya goge shi kamar yadda yake goge kan rikoda, bai tsaya tunanin komai ba.

Duk bayan kwana biyu Uba yakan leƙo. Ba ya tambaya, sai dai ya ajiye sabon ganyen alkama a kan teburi. Kowane ya fi na baya bushewa.

Ran Asabar da la'asar sakaliya Hambali ya ce bismillah ya danna makunni. Fanka ta juya. Bakin faifai ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Sai ga wasu koren haruffa sun fito a kusurwar allon, da wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya saki kofi. Kafin a jima ƙofar shagon ta cika, ana ta salati, wata tsohuwa tana tambaya ko ita ma tana kama tashar Kaduna. Hambali kansa ya zauna a ƙasa. Bai taɓa tada abu irin wannan ba.

Aka aika wa Malam Sani, ya zo a kan babur, Lukmanu na bayansa. Tsohon ya shafa gefen na'urar kamar mai shafa doki. Hambali ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko faifan ruwa. Malam Sani ya zura, ya buga haruffa. Na'urar ta yi gurnani, ta sake yi, ta fito da layi ɗaya tak.

"Me ta ce?" Hambali ya tambaya.

Lukmanu ne ya leƙa ya ce, "Ta ce ba komai a ciki. Baba, ban faɗa ba? Ta cinye."

"Sito ne ya cinye! Shekara huɗu a zafi kusa da taki, ko kai ne ai ka manta sunanka."

"To na tashin fa? Ba sito ɗaya suka kwana ba?"

Wannan tambayar ta wuce ta kan kowa, har da Hambali. Malam Sani ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce yana da wani. Ranar da Turawan za su tafi ya kwafi faifan ruwan ya kai gida, yana can cikin kwallar matarsa, ko ita ba ta san mene ne ba.

Ran Litinin da safe ya kawo shi a ɗaure a ƙirjinsa ƙarƙashin riga. Su uku ne a shagon, Hambali ya ja ƙofa. Aka zura. Ƙas, ƙas. Sai allon ya cika da sunaye da lambobi, layi bisa layi, kowace ƙofar ruwa da ranarta, da awanninta, da tsawon da ake ɗaga ta. Malam Sani ya yi ta gangarawa har ƙasa, ya sa yatsa a kan gilashin.

"Karanta, Injiniya. Da ƙarfi."

Lukmanu ya karanta, muryarsa ta yi ƙasa. "Gidan Sada. Talata da Juma'a. Awa tara-tara."

Hambali ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce, "Malam, da mun kwafe shi a takarda yanzu, ko da layin nan ne."

"Gara a kwafa ɗin," in ji Lukmanu. "Ba a yarda da na'ura ɗari bisa ɗari."

Da Hambali kaɗai ya faɗa, da wataƙila an kwafa. Amma da ya fito daga bakin Lukmanu, sai tsohon ya ji kamar an zagi na'urarsa. "Taka ce ba a yarda da ita. Shugaba ya ce da idonsa zai gani, ba rubutun hannuna ba. Ran Alhamis zai gani, a gaban kowa." Ya zare faifan ya miƙa wa Hambali da hannu biyu. "Ba na so in sake hawa babur da shi. Amana, Hambali. Wurinka ya fi ko'ina."

Bayan sun tafi Hambali ya sake wa faifan sabon ƙyalle. Saboda amana ce, kuma shi kaɗai ya rage a duniya, maganaɗisu biyu ya ɗora masa.

Ran Alhamis aka kai na'urar ofis, aka ajiye ta a kan teburi a baranda don kowa ya gani. Mutanen Gidan Sada sun zo su fi arba'in, wasu a ƙafa. Manoman sama ma sun zo. Shugaba ya fito ya zauna. Na'urar ta tashi lafiya lau, Malam Sani ya dubi Lukmanu ya yi murmushi. Ya karɓi faifan daga hannun Hambali ya zura.

Layi ɗaya ta fito da shi.

Ya zare ya hura ya mayar. Layi ɗaya. Ya kashe ya kunna, abin da yake yi wa Lukmanu gori a kai. Layi ɗaya. Hular Malam Sani ta zame ta faɗi, bai ma sani ba.

"Wallahi yana ciki," yake cewa. "Shekaranjiya waccan muka gani. Lukmanu, faɗa musu."

Lukmanu ya dubi ƙasa. In ya ce ya gani, ya ce jadawalinsa ne ya kashe alkamar mutane. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ranka ya daɗe, na sha faɗa, tsohon sistem ɗin nan cin faifai yake yi."

Wani daga manoman sama ya yi dariya. Shugaba ya miƙe ya ce an ɓata masa lokaci, jadawali yana nan yadda yake, kuma Malam Sani ya same shi a ofis gobe, don da alama lokacin hutunsa ya yi. Uba ya zo ya tsaya a gaban ƙaninsa, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Kwana ashirin da ɗaya muka yi muna jiranka." Ya juya ya tafi.

Hambali ya dawo shago da faifan biyu marasa amfani. Zuliha ta aiko da abincin rana, bai buɗe ba. Tambayar Lukmanu ta ran Asabar ce ta dawo masa: to na tashin fa? Wanda ya yi banza da shi yana nan da ransa. Biyun da ya tattala su ne suka mutu. Ya ɗauki reza ya tsaga rigar faifan farko, ya zaro abin da ke ciki, ya kai bakin ƙofa wurin haske.

Ba shi da zara-zaran layukan da allurar garmaho ke bi. Sumul yake, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗan sheƙi. Ya miƙa hannu ya jawo zaren wani tsohon kaset ya kara a jikinsa. Launi ɗaya. Abu ɗaya.

Ya zauna a kan akwatin ƙarfen, sai kuma ya zabura ya tashi kamar ya zauna a kan garwashi. Shekara ashirin yana gargaɗin mutane kada su ajiye kaset a kan lasifika, maganaɗisu zai shafe muryar. Shi da hannunsa ya goge kan da ke karanta faifan, hannun ya gane kan rikoda ne, shi bai gane ba.

Haka Zuliha ta same shi da ta zo da kanta ɗaukar kwano, abin da ba ta saba yi ba, don an gaya mata ya dawo ba ya magana.

"Malam, lafiya? Wa ya rasu?"

"Ni ne, Zuliha. Ni na goge shi. Duka biyun."

Ya nuna mata. Ta dafe ƙirji, ta waiwaya ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Wa ya sani?"

"Ba kowa."

"To... kowa ya ce na'urar ce. Ita ba ta da 'ya'ya, Malam, ba ta da shago. In Yaya Uba ya ji, da wane ido za mu shiga Gidan Sada?"

"Gobe za a sallami Malam Sani."

Hawaye suka zubo mata. Can ta ɗauki ɗankwalinta da aka naɗe faifan da shi, ta ninke. "Ka ci abinci tukuna. Ba za ka je ka faɗi wannan magana da yunwa ba."

Da safiyar Juma'a ya ɗaure maganaɗisun a bayan keke, da ƙaramar rikoda, da kaset ɗaya. Ya tarar mutanen Gidan Sada sun dawo roƙo, Malam Sani na zaune a benci yana jiran a kira shi, ya tsufa a kwana ɗaya. Hambali ya nemi izini a wurin Shugaba. Ya kunna kaset ɗin, muryarsa ce da ya ɗauka da asuba yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin. Ya cire, ya goga shi a jikin maganaɗisun, ya mayar. Sai shuuu, kamar iska a cikin kara.

"Ranka ya daɗe, abin da na yi wa faifan ke nan. Na danne su da wannan don kada su lanƙwashe. Na'urar Malam ba ta ci komai ba. Abin da aka ba ta ta karanta, da aka ba ta wofi ta ce wofi ne. Ni ne."

Malam Sani ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wani dattijo ya yi ta maimaita salati. Uba ya taso, mutane suka riƙe shi, yana cewa, "Kai? Kai da kanka? Gonar uwarka, Hambali!" Hambali bai ɗaga kai ba, bai kuma kare kansa da kalma ɗaya ba.

Lukmanu yana tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi mutumin nan da ba wanda ya tuhume shi, ya tako da ƙafarsa ya zo ya tona kansa a gaban danginsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "na gani. Ran Litinin, da idona, ni na karanta. Gidan Sada, Talata da Juma'a, awa tara-tara. Jiya na yi shiru ne."

Shugaba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce tunda yake aiki bai taɓa ganin safiya irin wannan ba. Ya yarda da kwanakin. Amma ya ce kwana kaɗai ba ya kai ruwa ƙarshen magudana, sai an san tsawon da ake ɗaga kowace ƙofa ta sama, ƙofa talatin da huɗu, kuma wannan ya tafi da faifan.

"A ba ni kwana uku," in ji Hambali.

Kowace ƙofar ruwa tana da doguwar sandar ƙarfe mai zare, wadda ake murzawa a ɗaga ta. Hambali ya san ƙarfe ba ya ɓoye inda aka saba tsayar da shi. Ya bi magudanar a ƙafa tun daga sama, da buroshin waya da kananzir, yana kankare tsatsa yana neman inda zaren ya cinye saboda shekarun da aka yi ana tsayawa a wurin. Lukmanu na biye da shi da ma'auni, Malam Sani na rubutawa, a takarda wannan karon, kofi biyu. Ko a bakin magudanar ba su fasa ba.

"Da tawa ce, da tuni ta lissafa," in ji tsohon.

"Da ka bari an kwafa, Baba, da muna inuwa."

Kwana huɗu suka yi, ba uku ba. Ruwa ya isa Gidan Sada ran Juma'ar da ta biyo, ya cika magudana har baki. Ya ceci kashi biyu cikin uku na alkamar. Gonakin can ƙarshe sun riga sun ƙone, a cikinsu har da ta Iya, mahaifiyarsu. Ba a sallami Malam Sani ba. Jadawalin da suka tattara aka shigar a na'urorin biyu, tsohuwa da sabuwa, aka kuma liƙa na takarda a bango.

Uba ya yi wata goma ba ya yi wa Hambali magana. Hambali bai yi ƙorafi ba. Da aka yi shukar alkama ta gaba, kullum ran Talata da Juma'a yakan rufe shago da hantsi ya hau keke ya je ya yi wa Iya ban-ruwa da kansa. A bakin gonar nan wata rana Uba ya miƙo masa guntun rake ba tare da ya dube shi ba, shi ke nan suka shirya. Maganaɗisun kuwa ya fitar da su daga akwatin, ya rataye su a wani ƙarfe a bayan shago, nesa da komai. In mutum ya zo da gyara ya ce masa, "Ai kai ba ka kuskure," sai ya nuna su da sukuddireba ya ce, "Je ka tambayi waɗancan."

Alkamar Iya ta wannan shekarar ta yi kyau ƙwarai. An riga an gama ban-ruwa, saura kwana tara a yanke ta, motar nan ta same shi. Uba ne ya yi masa wanka, yana yi yana kiran sunansa a hankali. Malam Sani da Lukmanu suka ɗauki makara ta gefe ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce da wani komai. Tsohuwar na'urar tana nan tana tashi, da bel ɗin robar keken da ya yanka mata.

Allah Ya jiƙan Hambali, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ruwan nan ya sanyaya Gidan Sada. Allah Ya ba Zuliha da 'yarsu Ummulkhairi haƙuri, mu ma Ya ba mu.